Shekarar da Yaya Ta Yi Cizo

'Yata ta fari tana da shekara huɗu da 'yan watanni lokacin da na haifi ƙaninta. Tun daga ranar suna kowa ya daina kiran sunanta, aka koma ce mata Yaya, har yau kuma haka muke kiran ta. A Makera muke zaune a lokacin, a wani gidan haya mai ɗaki takwas da rijiya a tsakiya. Maigidana yana aiki a wani kamfani a Kudenda, ni kuma kitso nake yi a barandar ɗakinmu. Iyayena mutanen Nasarawa ne, amma a Kakuri aka haife ni, a nan na tashi, a nan kuma na koyi riƙe kibiya da mataji a wurin wata ƙanwar mahaifiyata.

Kafin wannan haihuwar, Yaya ita ce rediyon gidan. Da gari ya waye za ta bi ɗaki-ɗaki tana gaisuwa, ta tambayi kowa abin da zai dafa. In ina kitso sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni, tana miƙo mini man kitso, tana ba masu zuwa shawarar da ba wanda ya tambaye ta. Akwai ranar da ta ƙare wa wata ma'aikaciyar banki kallo, ta ce, "Anti, kada ki yi shuku. Goshinki babba ne." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar ta yi dariya har da hawaye, ta ce a yi mata zane kamar yadda yarinya ta faɗa, kuma daga ranar ba ta ƙara zuwa ba tare da biskit a jaka ba.

Haihuwar ta zo da sauƙi, a farkon damina. Mahaifiyata ta zo daga gida ta yi mini wankan jego, ta yi kwana arba'in tana dama mini kunu tana faɗa da ni in ci abinci. Bayan ta koma ne abin ya sauko mini. Ba zazzaɓi ba ne, ba ciwon kai ba. In na tashi da safe sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Abinci ba ɗanɗano. Barci ba ya zuwa ko da jaririn ya yi barci. Ina ba shi nono, ina yi masa wanka, ina wanke tsummokinsa, duk abin da ya kamata ina yi, amma kamar wata ce take yi ni kuma ina gefe ina kallon ta. Wani lokaci hawaye kawai zan ji a wuyana ban san lokacin da suka fara ba. Masu kitso suka zo sau ɗaya, sau biyu, ina ce musu ba ni da lafiya, har suka daina zuwa. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Allah ya ba ni ɗa lafiyayye, miji yana aiki, akwai abinci a ɗaki, me zan ce yana damu na?

A wannan lokacin ne Yaya ta canza. Da fitsarin kwance ta fara, abin da ta daina tun tana shekara biyu da rabi. Sai birgima: in aka ce ta sa takalmi sai ta zube a ƙasa tana ihu har maƙwabta su leƙo. Ta jefa matajina biyu a rijiya, ta bi su da murfin tukunya. Akwai wata dattijuwa a ɗakin da ke kallon namu, 'yar ƙabilar Ibo, tana da ɗan shago a ƙofar gida, mijinta makanike ne a Kakuri, kowa Mama yake ce mata. Yaya ta shiga shagon nan ta ɗauki ƙwai ɗaya bayan ɗaya tana saki a ƙasa, tana kallon idon Mama, sai da ta fasa biyar kafin a riƙe hannunta. Na doke ta ranar, na doke ta washegari, na doke ta a kan abubuwan da yanzu ba na ma iya tunawa. Kowa a gidan ya ce kishin ƙani ne, zai wuce. Ni ma haka na ɗauka.

Sai ta fara cizo a makaranta. Ta ciji wani yaro a hannu, bayan kwana uku ta ciji wata yarinya a kafaɗa. Aka aiko in zo.

Na goya jaririn na tafi, ina shirya haƙurin da zan bayar a hanya. Malamar ajinsu, wadda yara ke kira Anti, 'yar Filato ce, doguwa, mai magana a hankali. Ta jira aka tashi, ta sa wata malama ta fita da Yaya wurin lilo, ta ba ni kujera irin ta yara na zauna gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata.

"Ki yi haƙuri, Anti," na ce. "Yau in mun koma gida sai jikinta ya gaya mata."

"Ba don ki doke ta na kira ki ba, Madam," in ji ta. "Akwai abin da nake so in nuna miki."

Ta ɗauko wata 'yar tsana daga kwandon kayan wasa, ta zaunar da ita a kan tebur.

"In mun yi wasan gida, kowace yarinya tana zama uwa. Wata ta dafa tuwo, wata ta yi waya, wata ta yi ta faɗa da miji. Taki kuwa ga abin da take yi."

Ta juya fuskar 'yar tsanar ta kalli bango.

"Haka take ajiye ta. Sai ta tsaya a bayanta tana kira, Mama, Mama, Mama. In na ce me ya sa Mama ba ta amsawa, sai ta ce Mama tana kallon bango. Daga nan sai ta ɗauki wani abu ta jefar, sannan ta juyo da 'yar tsanar da sauri, ta sa ta tana faɗa. Kuma a lokacin ne take murmushi."

Anti ta gyara zama ta ce, "Shekarata tara ina koyar da ƙananan yara. Yarinyar nan ba muguwa ba ce. Ta gano cewa in ta yi ɓarna kina juyowa. Ni tambayata ba a kanta ba ce. Ke fa, Madam, yaya kike?"

Wata uku ke nan kowa yana tambaya ta yaya jariri, yaya ruwan nono, yaya maigida. Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai kuka ya fito a madadinsa. Na yi ta yi a kan 'yar kujerar nan, jaririn ya farka ya taya ni, Anti ta kwance shi daga bayana ta riƙa zagaya aji da shi tana nuna masa hotunan dabbobi a bango har na gama. Da za mu tafi ta ce, "Ki je asibiti ki faɗi abin da kika faɗa mini. Yana da suna, kuma yana da magani."

Ban je da kaina ba. Mama mai shago ce ta kai ni. Da yamma na je ba ta haƙurin ƙwai karo na uku, ban san yadda aka yi ba na gaya mata abin da Anti ta ce. Ta tafa hannu ta ce da Hausarta mai gauraye da Turancin kasuwa, "Chai! Ni na sani. Na gani idonka, na ce wannan yarinya ba shi nan. Ya yi mini a ɗana na uku. Ni na zauna wata shida kamar kujera. Gobe za mu tafi."

Washegari ranar awo ce da rigakafi. Mama ta rufe shagonta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba in ba ranar Lahadi ba, ta tare keke mai ƙafa uku, ta tura ni ciki. Bayan an auna jaririn an ce ya yi ƙiba, ta tsaya a kan nas ɗin ta ce, "Yanzu a auna uwa."

Nas ɗin ta shigar da ni wani ɗan ɗaki, ta yi mini tambayoyi masu yawa: barci, abinci, kuka, ko na taɓa jin ina so in cutar da kaina ko jaririn. Na amsa mata gaskiya. Ta ce wannan shi ake kira ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana samun mata da yawa, masu kuɗi da talakawa, masu addu'a da marasa yi, kuma ba laifina ba ne. Na tambaye ta maganar Yaya. Ta ce ƙaramin yaro fuskar uwarsa yake dubawa ya san ko duniya lafiya. In fuskar ta yi shiru, wani yaron ya yi shiru shi ma, wani kuma ya yi ta ɓarna har sai an kula shi. Ta ce in na samu sauƙi zan ga yarinyar ta samu, amma kada in zauna jira, in riƙa ware mata ɗan lokaci kullum, nata ita kaɗai, ko da ba na jin daɗin komai. Ta tura ni wurin likita, ya rubuta mini magani wanda ya ce ba zai hana ni shayarwa ba, ya ce sai na yi makonni kafin in ji bambanci, ya ba ni ranar dawowa.

Maigidana ya saurare ni da yamma yana ta juya hularsa a hannu. Shi a tunaninsa fushi nake yi da shi, kusan wata biyu yana bincike a ransa ko me ya yi. Har ya je wurin wani abokinsa a Gonin Gora ya nemi shawara, abokin ya ce ya saya mini atamfa. Ashe dalilin atamfar da na gani a kan gado ke nan ban ko buɗe ledar ba.

"To ba ni ba ne?" ya ce.

"Ba kai ba ne."

"Kai, na gode wa Allah!" Sai kuma ya ga bai kamata ya yi murna ba, ya gyara fuska ya ce, "Wato, sannu. Me zan yi?"

Ya nemi a mayar da shi aikin safe don ya riƙa dawowa da wuri. Ya koyi wankan jariri, ya koyi goyo, ko da yake da tawul yake yi don ya ce zani na zamewa. Ya ce shi zai riƙa tuƙa tuwon dare. Tuwon nan gudaji ne zalla, Yaya takan tsince su ta jera a bakin kwano ta ƙirga, shi kuma ya ce nama ne bai gama nuna ba.

Mama kuwa ta kafa doka. Kullum ƙarfe huɗu za ta tsallako ta ɗauke jaririn, ta ce, "Wannan nawa ne har biyar saura. Ke, je ka wurin 'yarka." Ta kan zaunar da shi a cikin kwalin taliya a shago, ta kewaye shi da tsumma, masu sayen sukari suna yi masa wasa.

Ranar farko na shimfiɗa tabarma a baranda na ce, "Yaya, zo. Yanzu lokacinki ne. Me kike so mu yi?" Ta tsaya daga nesa tana kallo na kamar mai kallon baƙon kare. Sai ta ɗauki kofin ruwa ta tuntsurar a kan tabarmar, ta ja da baya tana jiran duka. Hannuna har ya ɗaga. Na sauke shi, na ce, "Ruwa ya zube. Kawo tsumma mu goge." Muka goge tare. Lokacin ranar ke nan gaba ɗaya.

Rana ta biyu ta zauna a bakin tabarma. Ta uku ta kawo gwangwanayen tumatir muka dafa miyar ƙasa, ta sa na ɗanɗana na ce gishiri bai ji ba. Ba zan ce ina jin daɗi ba a kwanakin nan, jikina ne kawai a wurin, amma in ta kira ina amsawa, in ta nuna mini abu ina kallo. A cikin mako na biyu na lura da kanta. Ni mai kitso, 'yata tana yawo da tsohon kitson kalaba na wata biyu duk ya cukurkuɗe. Na ce ta zo in tsefe mata. Ta dafe kai ta ce a'a.

"Ni zan yi miki," in ji ta.

Na cire ɗankwali na zauna a ƙasa, ta hau kujerarta 'yar tsugunno ta tsaya a bayana. Ta kwashi man kitso cike da hannu ta lafta mini. Ta ja gashi, ta murɗa, ta ɗaure da kyauron roba, da zaren buhu, da wani abu da daga baya na gane igiyar takalmin babanta ce. Tana yi tana magana da irin muryata: "Ki daina motsi. Sunkuya. Anti, gashinki akwai tauri, sai kin ƙara kuɗi." Rabon da in ji wannan surutun har na manta. Ta yi kwana uku tana wannan aiki, kullum ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta kuma hana ni tsefewa. Ranar Asabar ta ce ta gama, ta kawo madubi. Ƙahoni bakwai ne a kaina, kowanne yana kallon inda ya ga dama, ɗaya a tsakiyar goshi da murfin kwalba a bakinsa.

"Ya yi kyau?" ta ce.

"Ya yi kyau sosai."

"To da shi za ki coci gobe."

Na tafi da shi. Na ɗaura ɗankwalin sabuwar atamfar nan a kai, na ɗaure tam, ƙahonin suna tokare shi ta ko'ina kamar na ɓoye rogo. An zo lokacin baiko, wato ba da kyauta ga coci, mata suka tashi da rawa zuwa gaba, wata 'yar ƙungiyar zumuntar matan coci ta jawo hannuna na shiga layi. Maigidana ne ke riƙe da jaririn, da na zo wucewa ta gabansa ya miƙo mini shi. Yaron ya kai hannu ya damƙi bakin ɗankwali ya ja. Sai ga ƙahoni bakwai a tsakiyar coci, da igiyar takalmi tana lilo.

Mai ganga ya rikice. Matar da ke bayana ta toshe baki da zani. Kafin in san abin yi, Yaya ta hau kan benci ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ni na yi mata! Ni na yi wa Mamata!"

Dariya ta kama ni. Ta fito tun daga cikin cikina, irin wadda ke sa mutum ya durƙusa, na riƙe benci ina yi hawaye na zuba, duk layin mata suka ɗauka, har mai wa'azi ya cire tabarau yana share ido. Yaya tana tsaye a kan benci tana kallon fuskata baki buɗe, sai ita ma ta fashe, ta diro ta rungume ƙafafuna. Haka na ƙarasa rawar baikon ba ɗankwali. Bayan an tashi mata uku suka je wurinta suka ce suna son irin wannan kitson, ta ce musu sai ranar Talata, yanzu ta gaji.

Ba ranar na warke ba. Akwai safiyoyin da nauyin ya dawo, akwai ranar da na sake daka mata tsawa har ta ɓuya a bayan Mama, na je na ba ta haƙuri a gaban kowa. Na sha magani kusan shekara, ina komawa wurin likita, sai da ya ce a rage a hankali sannan na daina. Amma abubuwa suna ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Cizo ne ya fara tafiya, ta ƙara yi sau ɗaya tak, shi ma Anti ta ce yaron ne ya fara ƙwace mata fensir. Birgima ta ragu ta koma ta yara ta yau da kullum. Fitsarin kwance ya fi daɗewa, sai wajen Kirsimeti muka daina shanya katifa. Masu kitso suka dawo, baranda ta sake cika da hira.

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara na je ɗaukar ta da kaina. Anti ta ba ni takardar sakamako, ta ce an naɗa Yaya mai raba wa 'yan aji littattafai, kuma tana yin aikin da iko fiye da yadda ake buƙata. Muka fito, ƙaninta a bayana ya fara haƙora yana cizon bakin zani, ita tana riƙe da yatsana. A bakin titi muka tsaya wurin mai gasa masara na saya mana guda biyu. Muka zauna a kan wani benci muna ci, motoci suna wucewa. Ta gutsura ta tauna, ta ciro ƙwaya ɗaya mai laushi ta zagaya bayana za ta sa wa ƙaninta a baki.

"Bai isa ci ba tukuna," na ce.

"To yaushe?"

"Sai baɗi."

Ta yi ɗan tunani, ta jefa ƙwayar a bakinta. "To ki gaya masa ya yi sauri," in ji ta. Sannan ta dawo ta zauna ta jingina da ni, ta fara ba ni labarin duk wanda ya yi kuka a ajinsu ranar, da dalilin kowa.